Yadda Citta Ta Fitar Da Ni Daga Gidan Baffa a Catford

To jama'a, kun ishe ni. Tun da na dawo wayata ba ta huta ba. "Ruƙayya, yaya London?" "Kin ga ƙanƙara?" "Ina tsarabata?" Ban ga ƙanƙara ba, tsaraba ta ƙare, labari kuma ga shi nan na zuba muku a group gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata, wannan zan tura masa.

Ga sababbin shigowa da ba su san sana'ata ba: busasshiyar citta nake sarowa daga Kachia, zoɓo daga Dawanau. Mu tsince, mu gyara, mu zuba a leda mai kyau da sunana a jiki. Kano da Abuja sun san kayana. Abin da ya rage min shi ne in ga sun shiga London, kuma hanya ɗaya nake da ita: Baffa Sale, aminin marigayi babana Garba. Tare suka yi zaman kasuwar Kwari kafin ya haura Ingila. Yanzu yana da shagon kayan abincin gida a Catford, yana da sito, yana da duk takardun da gwamnatinsu ke nema kafin a shigo da abin ci. Shi ya gayyace ni, ya ce in zo da samfur mu yi magana.

Daga Abuja jirgin zai tashi, don haka motar haya na bi. Direban irin waɗanda ke tuƙi da hannu ɗaya ne, ɗayan hannun yana wa'azi da shi. Kafin mu kai Zariya ya gama raba wa kowa laifinsa a ƙasar nan. Da ya ji London za ni, sai ya ce in gaida masa wani ƙaninsa, Sani. Na ce a wace unguwa yake? Ya ce ai in na tambaya kowa ya san shi, dogo ne.

A filin jirgin London, da farko wani bature ya tambaye ni me na zo yi, ina zan sauka, yaushe zan koma. Na amsa masa tas, ya miƙo min fasfo. Sai wurin kaya. Ni da kaina na bi layin masu abin nunawa, saboda ba na son a fara sanina a ƙasar da ɓoye-ɓoye. Wata mata ta buɗe akwatin, ƙamshin citta ya bugi hancinta, ta yi atishawa, muka yi dariya tare. Cittar ta wuce, zoɓo ya wuce. Can ƙasa sai ga ƙulli a jarida. Ashe Mama ta cusa min kilishi ban sani ba, wai na Baffa. Nama ba ya shiga. Matar nan tana ce min sorry tana jefa shi a kwandon shara, tana ƙara cewa sorry. Wallahi ban taɓa ganin an yi wa mutum ƙwace cikin ladabi irin wannan ba.

Baffa da kansa ya zo ɗaukata, a motar kayansa mai warin daddawa da busasshen kifi. Yana ganina ya tsaya cak.

"Innalillahi. Garba sak! Har tafiyar."

Ya juya yana gyara hula don kar in ga idonsa. Na durƙusa na gaishe shi a nan tsakiyar mutane, turawa suna kewaye mu da akwatunansu kamar sun ga rami a hanya.

Gidan siriri ne, sama da ƙasa, matattakalar in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma. Matarsa, Gwaggo Asabe, ta tarbe ni da tuwon shinkafa miyar kuka har da man shanu. Ɗakin da aka ba ni na 'yarsu ne, Amira, ita kuma ta koma kwana a falo. A can aka haife ta, tana karatun tarihi a jami'a. Hausa tana ji tsaf, amma kina yi mata za ta mayar miki da Turanci. "Sannu da zuwa, Yaya Ruky" ta ce, daga nan Hausar ranar ta ƙare.

Garin kam sai a hankali. Ranar farko na shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, na yi wa na kusa da ni barka da safiya, mutumin ya dube ni kamar na ce ya ba ni ƙodarsa. Mutum cike da jirgi amma shiru kamar gidan makoki. A matattakala mai tafiya da kanta na tsaya ta hagu, ashe hagu ta masu sauri ce, layi ya taru a bayana kowa na huci ba mai magana. Abin da ya burge ni kasuwar Catford: lemo da tumatir a kwano ake sayarwa, na ce ashe su ma suna da mudu. Na sayi kwano ɗaya na tsaya ina jiran gyara. Mai kayan ya dube ni, na dube shi. Amira ta ja ni tana cewa don Allah Yaya, nan ba a yi.

A shago Baffa ya karya cittata ya tauna, ya jiƙa zoɓon a kofi ya ɗaga shi wajen haske. Sai na ga ya sake jiƙa wani ya ba wata 'yar Jos da ta shigo sayen acca. Ta kurɓa ta ce, "Baba, wannan fa ba irin wanda kake ba mu ba ne." Ya ce ta sha ta yi shiru.

Maganar ta fito ne muna cin abincin rana a gida, loma tana bakina.

"Ruƙayya, kayanki sun yi. Ga yadda za a yi. Duk abin da za ki shigo da shi ƙasar nan, ni za ki ba. Ni kaɗai, har shekara biyar. Farashi ni zan yanka a farkon kowace kaka, don ni na san kasuwar nan. Ke dai ki loda, ki kwanta ki yi barcinki."

Gwaggo ta ƙara min miya. Na haɗiye lomar na ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa. Bari in yi shawara da Mama."

Na san wasunku za su ce me ya hana ki cewa a'a a take. Ku ba 'ya'yan fatake ba ne. Mu a gidanmu da labarin fatoma muka tashi, wato mai masaukin 'yan kasuwa. Inda ka sauka, nan kayanka suka sauka. Ba ka cin tuwon mutum, ka kwana a ɗakinsa, gari ya waye ka ɗauki hajarka ka kai wa maƙwabcinsa. Babana ya sha faɗa cewa wanda ya yi haka sau ɗaya ya gama fatauci a garin. Ga ni a gadon 'yarsa, 'yar tana kwana a kujera. Amma shekara biyar mutum ɗaya yana yanka min farashi? In ya ga dama ya danne, ba ni da inda zan juya. Duk abin da na gina zai koma reshen shagonsa.

Kashegari na raka Gwaggo asibiti a Camberwell, ana duba mata gwiwa. Da muka fito muka tsaya a wani ɗan shago da ake sayar da zoɓo a kwalba. Na kurɓa na ce wa Gwaggo da Hausa, "Wannan ai wankin kwano ne." Sai na ji murya daga bayan kanta.

"Kai yarinya! Me ka ce?"

Wata ƙatuwar mata ce da gyale ja. Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi. Hausarsu kowa "kai" ne, mace da namiji. Kunya ta kama ni, amma tunda an riga an ji, sai na ciro samfur daga jaka na ce ta jiƙa wannan. Ta jiƙa. Ruwan ya yi jawur har yana baƙi-baƙi.

"Wanene ubangidanka a nan?"

Na ce a gidan Alhaji Sale na sauka.

"Sale na Catford? Wayyo. Shi ke sai da mini ganye kamar zinariya, rabi kara. Shekara da shekaru muna faɗa da mutumin nan. Ka kawo mini kai tsaye, zan ba ka abin da ya fi nasa, kuma ina da ƙawaye masu gidan abinci, duk za su saya."

Gwaggo ta maida hankalinta kan wata kwalbar man ja kamar ba ta taɓa ganin man ja ba. A bas har muka iso gida ba ta ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Amira ce ta ga na yi sukuku, ta ce in zo ta fitar da ni. Muka fara biyawa ta makarantarsu a Aldwych ta miƙa wani aiki. Wurin ya yi min kama da Bata ta Kano da rana tsaka, sai dai bas ɗin jajaye ne masu bene kuma ba mai hon. Na ci kifi da dankalinsu a tsaye, ba gishiri ba yaji, sai da na zazzaga nawa na jaka. Daga nan ta kai ni wani gidan tarihi a bakin kogi, tsohon sito ne da ake tara sukari a da. Na ce mata ni fa ban zo London kallon tsofaffin buhuna ba. Ta ce a kan wannan take rubutun gama makaranta, in ba ta minti kaɗan.

Yarinyar da ba ta iya haɗa jimla biyu da Hausa, sai ga ta tana zuba kamar rediyo. Da Turanci ta yi, ni zan juya muku.

Ta ce lokacin da Ingila ta fara kama ƙasashe a hayin teku, wajen Amurka da tsibiran da ke kusa, ba gwamnati ce ta fara zuwa da kanta ba. 'Yan kasuwa ne ke haɗa jari su kafa kamfani, sarki ya ba su takardar izini ya ce wuri kaza naku ne, ku nema, ku yi mulki, kar wani ya shiga. Sifaniya ta riga su zuwa tana cewa duk nata ne, Faransa na laɓe, kowa na ƙwace wa kowa tsibiri. A wuraren da Ingila ta samu aka shiga noman taba da rake. Amma masu jiragen da suka fi iya jigila 'yan Holan ne. Sun fi arha, sun fi kawo kaya masu kyau, don haka masu gonakin suka fi son ciniki da su.

"Sai gwamnati a nan London ta ga riba na zurarewa," in ji Amira. "Ta kafa doka. Kaya kaza da kaza, ba za a ɗauke su ba sai a jirgin Ingila, ba za a kai su wata ƙasa ba sai an kawo nan. Ko wani zai ba ka fiye, ba ruwansu."

Na ce wane kaya?

Ta lissafa da yatsu. Sukari, taba, auduga, baba na rini. Ta dube ni tana murmushi. "Da citta."

Na ce ke dai Allah ya shirye ki, ƙarya kike. Ta ja ni gaban wani allo ta nuna min. Citta dai, irin tawa.

"To masu gonar suka yarda?"

Ta ce a baki sun yarda. A ɓoye kuma fasa-ƙwauri suka shiga yi da 'yan Holan ɗin, gwamnonin da aka turo su hana, wasu a toshe musu baki su kau da kai. Ingila da Holan har yaƙi suka gwabza a teku ba sau ɗaya ba, kuma rigimar kasuwa na cikin abin da ya haɗa su. A cikin wannan rikicin ne Ingila ta karɓe garin da yanzu ake kira New York daga hannunsu.

Na ce, "Allah sarki, masu gonar nan ni ce. Babanki ne Ingila, Hajiya Memuna ce Holan."

Ban ga ta yi dariya ba. Ta ce in zo in ga ɗaki na gaba. A nan aka jera sarƙoƙi da mari, da zanen yadda ake shirya mutane a cikin jirgi kamar buhuna. Ta ce, "Yaya, masu gonar da kike tausayi ba su ne ke riƙe fartanya ba. Waɗannan ne. Daga ɓangarenmu aka kwaso su. Su ba wanda ya tambaye su farashi." Na daɗe a ɗakin nan, ba zan ɓoye muku ba. Na janye maganata, ni ba su ba ce, Baffa kuma ba Ingila ba ne, mutum ne da ya ba ni gadon 'yarsa.

Amma abu ɗaya ya zauna min a kai muna dawowa. In aka ɗaure mutum da mai saye ɗaya, ƙarshenta ko ya karye ko ya koma ha'inci. Na san kaina sarai. In na ce wa Baffa to, shekara ba za ta zagayo ba zan fara tura wa Hajiya Memuna kaya ta bayan gida da sunan wata. Gara in faɗa masa gaskiya ido da ido. Matsalar ita ce bakina ba zai buɗe ba muddin tuwonsa nake ci.

Sai na yi dabara irin tawa. Na ɗauki waya na yi booking ɗin ɗaki a wani ƙaramin otal a Camberwell. Lissafina shi ne in bar gidan, in ci abincin kuɗina kwana biyu, sannan in je shago a matsayin 'yar kasuwa, ba baƙuwa ba. Na ce wa Gwaggo zan leƙa wata ƙawata. Ta dubi akwatina, ta dube ni, ta ce, "Ƙawa da akwati? To, a gaishe ta."

Ɗakin otal ɗin, in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango. Ba buta, sai da na yanke gorar ruwa. Da safe aka ba ni wake mai zaƙi kamar an zuba masa alewa, da burodi gasasshe ya bushe ƙamas. Ina cikin fama da shi yarinyar da ke kanta ta zo ta ce wani dattijo na nemana.

Baffa ne, da babbar riga da kula a hannu. Amira, wadda ita kaɗai na faɗa wa inda na nufa, ita ta tona ni. Bai amsa gaisuwata ba.

"'Yar Garba a otal. Ina raye, a garin nan. Me na yi miki? Asabe ta zage ki? Abincin ne bai yi ba?"

"Wallahi Baffa ba haka ba ne."

"To mene ne? So kike a ji a Kano cewa na kasa riƙe ki mako biyu? Da wane ido zan kalli mahaifiyarki?"

Turawa biyu da ke shan shayi suka daina tauna. Na ce mu je mota. A cikin warin daddawar nan na faɗa masa komai. Na ce ba zan iya ba shi shekara biyar shi kaɗai ba, kuma na kasa faɗa ina cin abincinsa, shi ya sa na fito.

Sai ya ce, "Ke yanzu a tunaninki tuwon Asabe na saka a ciniki? Tuwon na Garba ne. Ko kin sayar wa Fir'auna kayanki, ɗakin nan naki ne. Ciniki kuma daban. Na yi tayi, ban ji naki ba. Wa ya koya miki kasuwa, ana taya miki kaya ki gudu?"

Kunya kamar in nutse, amma na ga ƙofa ta buɗe, ban tsaya ba. Na ce to ga nawa. Fatoma na gaskiya ba ya saye kayan baƙonsa a farashin da ya ga dama. Ajiye masa yake, ya nemo masu saye, ya ɗauki la'adarsa. Kayana su shigo da takardunsa, su sauka a sitonsa, ya ɗauki la'ada a kan kowane buhu, ni kuma in sayar wa wanda na so.

"A'a. Takarduna, sitona, wahalata da ma'aikatan gwamnati, sannan in zama ɗan dako? Citta tawa ce ni kaɗai. Shekara uku."

"Ɗaya, Baffa. Kuma farashi tare za mu yanka, duk zuwan kaya."

"Biyu."

"Ɗaya. In ka ji daɗina ai ba sai an ɗaure ni ba."

Ya yi ƙwafa. "Bakin Garba ne wannan. To zoɓon fa?"

"Zoɓo na kowa ne."

"Har Memuna?" Ashe Gwaggo ta kai rahoto tun ranar.

"Har ita."

"Matar nan ta shigo sitona da ƙafarta ta ɗauki kaya?"

"Ta shigo, kuma duk buhun da ta ɗauka kana da la'ada a kai."

Na ga gefen bakinsa ya fara motsi. "Memuna na sayen kaya, ni ina cin la'ada." Ya sake maimaitawa a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Sai ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari. "Je ki ɗauko akwatinki. Ki fara cinye wannan, masa ce, Asabe ta ce kar in dawo mata da kula cike."

A nan cikin mota na cinye ta tas. Ban taɓa cin masa mai daɗinta ba.

Sauran kwanakin lafiya lau. Hajiya Memuna ta yi ta mita da ta ji ta sitonsa za ta bi, amma ta sa a ajiye mata kaso a zuwan farko. Dawowa ba wani labari, sai jirgin da aka yi mana delay muka yini a zaune. Yanzu haka ina shirin tafiya Kachia, don haka masu neman ganina ku yi haƙuri.

Ranar da zan taho Baffa ya kai ni filin jirgi, ya hana ni taɓa akwati, ya cika min jaka da tsarabar Mama. Na ga fuskarsa a sake, sai na ce bari in gwada sa'ata. Na ce, "Baffa, la'adar nan fa, ba za a ɗan sassauta wa 'yar gida ba?"

Ya miƙo min fasfona da ya riƙe min, ya ce, "A gida ke 'yata ce. A sito ban san ki ba. Allah ya kiyaye hanya."